Kun Tambaya, Mun Amsa: Riƙon Zumunci a Bazarar Korona

Wannan shafi na watan Mayun 2020 ne, lokacin annobar korona; dokokin kulle, tara da tallafin da aka ambata a ciki na wancan lokacin ne, yanzu ba sa aiki. Wasiƙun wannan makon kusan duk daga 'yan'uwa mazauna Ingila suka zo. Wata biyu ke nan da Firayim Ministan lokacin, Boris Johnson, ya sanar da dokar kulle ranar 23 ga Maris, 2020, kuma ta faɗo daidai lokacin da sanyi ya janye, itatuwa suka yi fure, rana ta dinga fitowa kamar da gayya. Ga azumi ya zo ƙarshe, Sallah na bakin ƙofa. Masu amsawa su ne likitar asibitin unguwa, ma'aikaciyar jinya, jami'in walwalar ɗalibai da wani mai lambu. Dokokin da aka ambata na Ingila ne kaɗai. Skotland, Wales da Ireland ta Arewa kowacce da nata.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Coventry. Abokina da muka taso unguwa ɗaya yana garin nan, amma rabona da ganinsa tun Maris. An ce zumunta a ƙafa take. Na ji an sassauta doka, zan iya zuwa ɗakinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗaki kam da sauran lokaci, ƙanena. Abin da ya canja tun ranar Laraba 13 ga Mayu shi ne an yarda mutum ɗaya ya haɗu da mutum ɗaya na wani gida a filin jama'a, wato wurin shaƙatawa ko bakin ruwa ko hanyar 'yan ƙafa, da tazarar mita biyu a tsakani. Ku biyu rak. Idan na uku ya zo wucewa ya tsaya aka ɓarke da hira, an fita daga abin da aka halatta. Lambun gidan wani ma ba ya ciki, balle falo. Tarar farko a Mayun 2020 fam 100 ce, tana komawa 50 idan an biya cikin kwana 14, sannan tana ninkawa duk sanda aka sake kama mutum har ta kai fam 3,200.

Dalilin bambanta waje da ɗaki a fili yake. Cutar tana fita ne ta ɗigon yawu da numfashi lokacin magana, dariya ko tari. A ɗaki rufaffe abin yana taruwa, a waje iska tana watsa shi. Kusanci, daɗewa, fuskantar juna da ɗaga murya su ne ke ƙara haɗari. Kuma mutum yana iya yaɗa ta wajen kwana biyu kafin ya ji komai a jikinsa, saboda haka "ai lafiyata lau" ba shaida ba ce, daga bakinka ko daga nasa.

Kowa ya taso daga gidansa a ƙafa ko a keke, ban da mota ɗaya. Idan sai an hau bas, a sa takunkumi, kamar yadda gwamnati ta ba da shawara tun 11 ga wata. Mita biyu taku uku ne na babban mutum, ya fi yadda ido ke ƙiyastawa, kuma yawancin bencinan wuraren shaƙatawa ba su da tsawon da za ku zauna a kai ku cika tazarar. Kowa ya zo da dardumarsa. Tafiya a jere ta fi zama ana kallon juna. A kama ruwa a yi alwala tun daga gida, domin banɗakunan jama'a da yawa a rufe suke. Safiyar ranar aiki ta fi ƙarancin mutane. Litinin 25 ga Mayu hutu ce, in rana ta fito wuraren za su cika maƙil.

Inda aka fi zamewa wuri uku ne. Gaisuwa, domin hannu yana riga tunani, kafin ka ankara an tafa an rungume. Ɗora hannunka a ƙirji tun daga nesa, shi ma zai gane. Sai waya: "zo ka ga wannan hoton" shi ke haɗa kawuna biyu wuri ɗaya, to tura masa ya gani a tasa. Sai gorar ruwa ɗaya da ledar dabino ɗaya. Kowa da nasa.

Kada furanni su sa ka ɗauka abin ya wuce. Ranar 7 ga Mayu hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da alƙaluman da suka nuna cewa, idan aka daidaita shekaru, baƙar fata sun fi farare yiwuwar mutuwa da cutar fiye da ninki huɗu, kuma ko an cire tasirin talauci da yanayin gida da rashin lafiya, ana saura da kusan ninki biyu. Cikin likitocin farko da ta kashe a ƙasar akwai ɗan Najeriya, Dakta Alfa Sa'adu, Galadiman Pategi, a ƙarshen Maris. Idan ɗayanku yana cikin waɗanda hukumar lafiya ta NHS ta aika wa takardar zama gida na mako 12, kamar masu sikila, to a ci gaba da waya kawai.

Tambaya: Ina aikin kula da tsofaffi a Manchesta. Tun Afrilu nake atishawa, idona na ƙaiƙayi, hancina na zuba. Ƙawata da muke aiki tare ta fara guduna, ko gaisuwa daga nesa. Korona ce ko me?

Amsa: Hajiya, abin da kika lissafa ya fi kama da murar ƙurar fure, wadda ta zama ruwan dare a ƙasar daga ƙarshen Maris zuwa Satumba. Baƙi da yawa ba sa yin ta sai bayan shekara biyu ko uku da zuwa, domin sai jiki ya yi ta haɗuwa da ƙurar kafin ya fara yi mata bore. Ta furen itatuwa ce ke tashi daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, sai ta ciyawa ta karɓa har Yuli, kuma ta ciyawar ce ta fi kama mutane. In jikinki bai shiri da ita ma, to da sauran aiki.

Babbar alamarta ƙaiƙayi: ido, hanci, ganɗa, har cikin kunne. Atishawa a jere, majina fara tsararo, ido ja yana hawaye, abin ya tsananta in an fita ko an buɗe taga, ya lafa bayan ruwan sama. Ba ta kawo zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi. Alamun korona da NHS ta tsayar a Mayun 2020 uku ne: zafin jiki digiri 37.8 ko fiye. Sabon tari mai naci, wato tari sosai na fiye da awa guda, ko ya taso sau uku cikin awa 24. Sai rashin jin ƙamshi ko ɗanɗano, wanda aka ƙara ranar 18 ga Mayu. Na ukun nan yana rikita mutane, domin toshewar hanci ma tana rage jin ƙamshi. Bambancin shi ne na korona yakan ɗauke farat ɗaya alhali hanci a buɗe yake. Ki shinshina daddawa ko turaren wuta. In babu komai, kada ki tsaya gardama da kanki.

Idan ɗaya daga ukun ta bayyana, ƙa'idar Mayun 2020 ita ce ki killace kanki kwana 7, mutanen gidan kwana 14, ki nemi gwaji cikin kwana biyar na farko. A lokacin duk mai alama da ya kai shekara biyar yana iya nema. In numfashi ya fara wuya, a kira layin lafiya na NHS, 111. In ba ki iya ƙarasa magana sai kin tsaya kin huta, ko ƙirji ya ɗaure, a kira lambar gaggawa, 999. A baƙar fata ba a ganin shuɗin leɓe da ake faɗa. A duba cikin leɓe da dasashi, in sun yi toka-toka.

Maganin murar kuwa ba sai da takardar likita ba. Setirizin ko loratadin, miligiram 10 sau ɗaya a rana. Na manyan kantuna mai araha ɗaya ne da mai tsada. A sha kullum har lokacin ya wuce, ba sai ranar da aka galabaita ba. Piriton yana sa barci, bai dace da mai tuƙi ko mai aikin dare ba. Mai ciki ko mai shayarwa ta fara tambayar mai kemis. Toshewar hanci sai abin fesawa irin Beconase, fesa biyu a kowace ƙofa safe da yamma, amma yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci har mako biyu, kafin ya kama, kuma a nan ake watsar da shi a ce ba ya aiki. Ki fyace hanci, ki ɗan sunkuya, ki nufi bakin kwalbar wajen kunne ba tsakiyar hanci ba, kada ki shaƙa da ƙarfi. In ba haka ba ya zarce maƙogwaro ko ya jawo haɓo. Otrivine yana buɗe hanci nan take, amma kada a wuce kwana bakwai da shi, domin bayan nan shi da kansa ke toshe hancin. Duk waɗannan suna daidaita da sahur da buɗa-baki ga mai azumi.

Ki shafa basilin a bakin hanci kafin fita, ki sa tabarau, ki yi wanka ki canja kaya in kin dawo, ki daina shanya a waje, ki rufe taga da sassafe da kuma yamma lokacin da ƙurar ta fi yawa.

Ita kuma ƙawarki ba ta yi laifi ba. Tsofaffi take kula da su, gidajensu ne cutar ta fi yi wa ɓarna. Ki gaya mata abin da ke damunki da maganin da kike sha, ki sanar da shugabar aikinku, kuma ki dinga yin atishawa cikin tishu ko gwiwar hannu, domin mai murar fure ma yana iya ɗauke da korona bai sani ba.

Tambaya: Duk Sallah nakan yi tuwo da waina in tara ɗalibai da maƙwabta a gidana a Landan. Bana yaya zan yi? Raina ba ya so su wuni a ɗaki da biredi.

Amsa: Allah Ya saka da alheri, Hajiya. Sallah za ta kama Asabar 23 ko Lahadi 24 ga Mayu gwargwadon ganin wata, masallatai a rufe suke tun Maris, malamai da dama sun ce a yi idi a gida. Taro dai babu. Kai wa tsoho, mara lafiya ko wanda ya killace kansa abinci yana cikin uzurin da doka ta ambata ƙarara. Zagaya gida goma da mota don rabon tuwo ba ya cikin jerin. Ki taƙaita ga na kusa da waɗanda suka fi buƙata.

Babu shaidar cewa korona na bin abinci. Haɗarin yana bakin ƙofa, inda "ina kwana, barka da Sallah" kan koma hirar rabin awa. Ki buga waya kafin ki isa, ki ajiye a ƙasa, ki ƙwanƙwasa, ki ja da baya taku uku, a gaisa, ki wuce. Ki zuba a robar da ba sai an dawo da ita ba. Mai karɓa ya juye a kwanonsa, ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. In da mai tari ko zazzaɓi a gidanki, bana a haƙura da girkin gaba ɗaya.

Abin da ya fi damun ma'aikaciyar jinyarmu shi ne lalacewar abincin, musamman shinkafa. Akwai ƙwayar cuta a cikinta da dahuwa ba ta kashe ƙwanta. In dafaffiyar shinkafa ta zauna da ɗumi-ɗumi sai ta hayayyafa ta saki dafin da ɗumame ba ya kashewa. Wannan ya shafi dafa-duka, tuwon shinkafa da waina. Ko dai ki kai da zafinsa a cikin kula a ci nan da awa biyu, ko ki baza shi a faranti mai faɗi ya huce cikin awa guda ki sa a firij. Babbar tukunya kacokan a firij ba ta hucewa a tsakiya. Shinkafar da ta kwana a firij a cinye ta washegari, a ɗumama sau ɗaya tak har tiriri ya fito daga tsakiya. Nama da miya, kwana biyu. Kunun aya saurin tsami gare shi, a riƙe shi da sanyi ko a bar shi a yi zoɓo. Cincin, dambun nama da soyayyen nama su ne suka fi jure hanya, kuma ɗalibi zai yi kwanaki yana ci.

Abu ɗaya da ake mantawa: miyar taushe da yajin ƙuli duk da gyaɗa, kuma yara da yawa a ƙasar jikinsu ba ya ɗaukarta, har takan kai ga asibiti. Ki rubuta a murfi, musamman in maƙwabcin ba ɗan gida ba ne.

Tambaya: Aminina a Bradford shi kaɗai yake a ɗaki. Da shi ne mai surutu a zaurenmu na WhatsApp, yanzu sai ya yi kwana uku bai amsa saƙo ba. In na kira ya ce "ba komai, alhamdulillah." Yana kwana ido biyu, ya wuni yana barci. In ƙyale shi?

Amsa: Kada ka ƙyale shi, Malam, kuma kada ka ɗauka wulaƙanci ne. Juyewar barci a ƙarshen azumi ba abin mamaki ba ne: a Ingila a ƙarshen Mayu rana tana faɗuwa wajen ƙarfe tara na dare, tana fitowa wajen biyar na asuba, tsakanin isha da sahur babu wani dare. Amma idan aka haɗa da janye jiki, rashin cin abinci, barin karatu, daina sha'awar abin da ya saba so, kuma aka wuce mako biyu a haka, to ya fi gajiya.

Tura masa hotunan "Juma'a mubarak" da bidiyon ban dariya ba tuntuɓa ba ce. Ka tsayar da lokaci, misali Talata da Asabar bayan la'asar, ka kira da murya, ya san kiran na zuwa ko ya amsa saƙo ko bai amsa ba. "Ya kake?" amsarta "lafiya lau" ce har a gadon asibiti. Tambayi abin da ke da amsa: me ka ci yau, ƙarfe nawa ka tashi, yaushe rabonka da fita? Hanya mai kyau ita ce ku fita tafiya a lokaci ɗaya, kowa a garinsa, waya a kunne, minti talatin. Maza sun fi sakin baki in ƙafa na tafiya ba a kallon fuskarsu, kuma hasken safiya shi ne abin da ya fi saurin mayar da barci wurinsa. Bayan Sallah ya tsayar da lokacin tashi ɗaya kullum, ya rage barcin rana zuwa rabin awa, ya bar shayi da kofi daga azahar, ya sa labule mai kauri.

Ka guji "rashin tawakkali ne" da "wasu sun fi ka shiga uku". Gaskiya ko ba gaskiya ba, suna rufe bakin mutum. In ya fara cewa ya gaji da rayuwa ko ya zama kaya a kan mutane, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin; sau da yawa sauƙi take kawowa. Likitocin unguwa suna aiki, a lokacin kulle ta waya ake ganinsu. Layin Samaritans, masu sauraron wanda ke cikin damuwa, 116 123, kyauta ne dare da rana. In ɗalibi ne, ofishin walwalar ɗalibai na jami'arsa yana karɓar rahoto daga aboki. Ka tabbata kana da adireshinsa da lambar wani da ke ginin, domin ranar da waya ta mutu gaba ɗaya ba ranar nema ba ce. In kana ganin ransa na cikin haɗari, 999.

Tambaya: Mahaifin ƙawata ya rasu a Kano a ƙarshen Afrilu. Ni ina Birmingham, ba hanyar zuwa. Na kira sau ɗaya na yi ta'aziyya, amma ina jin kamar ban yi komai ba.

Amsa: Allah Ya jiƙansa Ya gafarta masa. 'Yar'uwa, ko kina Kaduna ma da wuya ki je: an rufe filayen jirgin Najeriya ga jiragen waje tun 23 ga Maris, Kano tana kulle tun 16 ga Afrilu, Shugaba Buhari ya tsananta shi ranar 27 ga wata, aka kuma ƙara mako biyu ranar 18 ga Mayu. Wato ita ma ƙawar taki ba ta samu zaman makokin da aka saba ba, gida cike da mata ana ɗebe kewa. Wannan giɓin ne za ki cike, kuma kira ɗaya ba ya cike shi.

Kowa yana kira a kwana ukun farko. Ki zama mai kira a mako na huɗu, ranar Sallah, ranar arba'in. Tun da aka tura agogo gaba ranar 29 ga Maris lokacin Ingila da na Najeriya ɗaya ne, babu lissafi. Ki kira da murya, bidiyo yana cinye data kuma yana yankewa. Ki tura mata kati ko data tukuna don kada kiranki ya zama mata asara. Ki nemi a ba mahaifiyarta wayar ki gaishe ta, ta'aziyyar ba ta cika ba sai da wannan. Kada ki tambayi abin da ya kashe shi. An yi rashe-rashen dattawa da yawa a Kano a makonnin nan, iyalai suna fama da tsegumi, in tana son faɗa za ta faɗa.

In za ki aika kuɗi, ki aika kwana ɗaya ko biyu kafin ranakun da gwamnatin jihar ta ware na fita cefane, ta samu damar cirewa. In ku ƙawaye ne da yawa, ku raba izu sittin a tsakaninku ku yi masa sauka, ku haɗu a yi addu'a. A Mayun 2020 WhatsApp yana ɗaukar mutum takwas a kira ɗaya, Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40.

Tambaya: Abokina ɗalibi ne, gidan abincin da yake aiki ya rufe. Ya nemi in ranta masa fam 600 na haya. Ina da su, amma ni ma ban san gobe ba.

Amsa: Bashi hanji ne, ba abin kunya ba ne a gare shi. Amma kafin kuɗi su fita, ku duba ƙofofi uku tare. Na ɗaya, tsarin da gwamnati ke biyan kashi 80 cikin ɗari na albashin wanda aka sallama hutun dole, har fam 2,500 a wata, wanda a lokacin aka tsawaita zuwa ƙarshen Oktoban 2020. Mai bizar karatu yana iya shiga, domin ba ya cikin tallafin da bizarsa ta haramta masa, muddin yana jerin masu albashi zuwa 19 ga Maris. Mai wurin aikin ne ke nema, don haka ya rubuta masa. Tallafin gwamnati na Universal Credit kuwa kada ya kuskura, yana iya ɓata masa biza. Na biyu, asusun tallafin ɗalibai na jami'arsa. Za su nemi bayanan banki na 'yan watanni da takardar haya. Na uku, mai gidan. A Mayun 2020 sai ya ba da wa'adin wata uku, kuma kotuna sun dakatar da shari'un tashin 'yan haya tun 27 ga Maris. Hayar ba ta faɗi ba, tana taruwa, amma akwai damar a roƙi biya kaɗan-kaɗan a rubuce. Wanda yake zaune gida ɗaya da mai gidan ba shi da wannan kariyar.

In bayan haka da saura, ka ba da abin da in bai dawo ba har shekara ba za ka shiga wani hali ba. Fam 200 da zuciya ɗaya ta fi 600 da za ka dinga leƙa hotunansa kana lissafin takalmin da ya saya. Ka faɗa ƙarara nawa ne kyauta, nawa ne rance. Ku rubuta adadi da lokacin fara biya, ko a saƙon waya ne; umarnin rubuta bashi yana cikin Suratul Baƙara, ba rashin yarda ba ne. A ɗaura biyan ga komawarsa aiki, ba ga wata rana da babu wanda ya san yadda za ta zo ba. Kuma kada sauran abokai su ji daga bakinka.

Tambaya: An ce mu sha bitamin D. Yana maganin korona?

Amsa: Ba a tabbatar da haka ba. Don ƙashi da tsoka ake sha. Fata mai duhu tana jinkirin haɗa shi daga rana, mai rufe jiki da mai zaman ɗaki haka, shi ya sa shawarar hukuma gare mu ita ce maikurogiram 10 kullum, duk shekara. A watan Afrilun 2020 an faɗaɗa shawarar ga kowa saboda kulle. Babba kada ya wuce maikurogiram 100 a rana, yawansa yana tara sinadarin kalsiyam ya taɓa ƙoda. Mai gudun kwanson gelatin ya sayi ƙwaya ko na ɗigawa.

Tambaya: Ina bene na uku a Leeds da 'yar baranda. Ni da ƙawayena muna so mu shuka kayan miya mu dinga musayar iri. Me zai yi, me ba zai yi ba?

Amsa: Shawara mai kyau, kuma wuraren sayar da shuke-shuke sun buɗe tun 13 ga Mayu. Alayyahu shi ne mafi sauƙi. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ki gauraya da yashi ki barbaɗa, ki rufe da taki kaurin rabin santimita, in ya tsiro ki rage ki bar tazarar santimita 15. Cikin mako biyar zuwa shida za ki fara yanka, in kin bar gindin zai sake tohowa. Yakuwa za ta ba ki ganye a taga mai rana, amma kada ki sa ran zoɓo, sanyi zai riga furen. Kuɓewa a waje ɓata lokaci ne. Attaruhu tun Fabrairu ake shuka shi a ɗumi, yanzu an makara. Ki sayi dashe ki ajiye a cikin ɗaki, a tagar da ke kallon kudu.

Tumatir ma dashe za ki saya. Kowane gindi bokiti ɗaya mai cin lita 10 zuwa 15, a huda ƙasansa, a cika da takin buhu, ba ƙasar waje ba, domin ita takan daskare a tukunya ta hana saiwa numfashi. Kada ranar Mayu ta ruɗe ki: a arewacin Ingila dare yana iya yin sanyin da zai ƙone shuka har farkon Yuni. Ki dinga fitar da su da rana kina shigar da su da dare na kwana bakwai zuwa goma, sannan su kwana a waje. A bene na uku iska ce abokiyar gaba, ki kafa sanda ki ɗaure sako-sako.

Yawan ban ruwa ya fi fari kashe shukar tukunya. Ki tsoma yatsa zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi ki bari. In tsiro ya yi tsawo siriri yana karkata, haske ne bai ishe shi ba. In gindin 'ya'yan tumatir ya yi baƙi, ruwan ne ake ba shi yau a manta gobe. Da zarar furen farko ya ɗaure ki fara ba shi takin ruwa na tumatir sau ɗaya a mako, kuma a nau'in mai tsawo ki dinga tsinke tsiron da ke fitowa tsakanin ganye da kara. Tsiron nan kada ki zubar: in ya kai tsawon yatsa ki tsoma shi a kofin ruwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu zai yi saiwa, ki dasa a robar yogot ki rubuta sunan nau'in a jiki, ki ajiye wa ƙawarki a bakin ƙofa. Wanda aka dasa bayan tsakiyar Yuni da wuya ya nuna kafin sanyi, don haka ku yi musayar da wuri.